Kada Salansa Ta Cinye Muku Birki

Ƙannena matasan Beri da na cikin garin Kontagora, da duk wanda wannan rubutu ya riska a garejin kanikawa ko a rumfar walda, maganata da waɗanda suka ƙudura a ransu sai sun haɗa mota da hannunsu ce: 'yar ƙarama, mai kujera biyu, gajeriya har tana neman shafar ƙasa, wadda in an taka mata totur sai kowa ya waiwayo. Wani ya riga ya sayi tsohon inji a wurin 'yan gwangwan. Wani yana tara ƙarafan shasi ɗaya bayan ɗaya daga ɗan abin da yake samu a aikin ƙofa da taga. Wani kuwa har yanzu motar tasa a takarda take. Ban zo sare muku gwiwa ba. Ina murna da wannan buri, kuma ina fatan Allah Ya nuna mini ranar da zai taka kwalta.

Ba ku ne farau ba, kuma abin alfahari ne ku san haka. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic. A ƙarshen 2019 Jerry Mallo, matashi daga Jihar Filato, ya baje motar tserensa mai suna Bennie Purrie a Abuja. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya je Amurka ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Ingila ma, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957 yana sayar da ita gunduwa-gunduwa mutum ya je gida ya haɗa, daga baya a 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya koya wa dubban mutane yadda za su ƙera irinta da kayan tsohuwar mota, ita ce ake kira Locost. Galibin bidiyon da kuke kallo a waya jikokin wannan aikin ne.

Amma in na saurari hirarku, abu uku nake ji: gudu nawa za ta yi, wace irin ƙara za ta yi, wane fenti za a shafa mata. Da wuya a ji wani ya tambayi ta ina salansa za ta bi, da kuma abin da za ta gifta a hanya. Ni kuwa a nan hankalina yake, domin a nan ne motar da aka yi shekara ana ginawa take iya kashe mai ita a fitarta ta farko.

Ku fara da sanin yadda birkin ƙaramar mota yake aiki. In direba ya taka fedal, sanda tana tura fistin a cikin masta, masta ta tura man birki cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu, can man ya tura wani fistin ya matse fad a jikin diski, ko ya buɗa shu a cikin duram. Sirrin duka guda ne: man nan ba ya matsuwa. Abin da ƙafarka ta danna a sama, shi yake isa taya ba ragi. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar mai ya tafasa a wani ɗan wuri cikin bututu, ko da wurin bai kai tsawon yatsa ba, kumfar tururi ta samu, to ƙarfin ƙafarka a kan matse kumfar nan zai ƙare. Fedal ya tafi har ƙasa salin-alin, mota kuma tana ci gaba da tafiyarta.

A wane zafi man yake tafasa? Amsar tana jikin robar da kuke saye, sai dai ba a cika karantawa ba. Alamar DOT da ke jiki ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka. Sabon DOT 3 wanda ba a taɓa buɗewa ba, ƙa'ida ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. DOT 4 kuwa 230, DOT 5.1 kuma 260. Waɗannan lambobi na sabon mai ne. Shi wannan mai yana da hali guda: yana shan danshi daga iska, ta hular tankinsa da ta jikin tiyon roba, a hankali ba tare da an gani ba. In ruwan da ya sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 ya sauko zuwa 140, DOT 4 zuwa 155, DOT 5.1 zuwa 180. Ku duba ratar: daga 205 zuwa 140 saboda ɗan ruwan da bai cika cokali biyu ba. Mu kuma a Jihar Neja daminarmu mai tsawo ce, iskarta jiƙe take. Man da ya yi damina biyu a cikin mota ba shi ne wanda aka zuba ba.

Yanzu ku ɗora wannan a kan zafin salansa. Hayaƙin da ke fitowa daga injin fetur in yana aiki da ƙarfi yana kaiwa tsakanin digiri 600 da 900. Duk wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan doguwar tafiya ya ga manifol ya yi ja-ja, to ya sani ƙarfe ba ya fara yin ja a idon mutum sai ya haye digiri 500. Ga abu mai zafin ɗari shida, ga bututu mai ɗauke da man da zai tafasa a ɗari da arba'in. In ka haɗa su maƙwabtaka ba shamaki, ba ka bukatar boka ya gaya maka abin da zai faru.

Abin da ya sa nake tsoron wannan matsala fiye da sauran shi ne ba ta barin shaida. Fad in ya cinye ana jin ƙara. Mai in yana yoyo ana ganin ɗigo a ƙasa. Amma man da ya tafasa, da an tsaya ya huce tururin ya koma mai, fedal ya dawo da taurinsa kamar ba abin da ya faru. Bakanike ya zo ya taka, ya ce birki lafiya lau. Sai a fara zargin direba da ganganci, ko a ce sammu ne, ko a ce ƙaddara ce kawai a rufe maganar. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma bututun da ka ɗaura a jikin salansa da hannunka kai ka ɗaura shi. Shi ya sa nake so ku riƙe wannan tun yanzu: birkin da aka gwada da sanyin safiya a cikin gareji ba a gwada shi ba tukuna.

Wani zai ce, ai motocin kamfani ma salansa da birki duk a ƙarƙashin bonet ɗaya suke, me ya sa ba sa haka? Dalili shi ne an yi musu lissafin da ido ba ya gani. Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Golf da Corolla da suka cika tashoshinmu, kowane lanƙwasa na bututun birkinsu injiniyoyi sun auna shi, sun gwada cikin zafi, sun matsar da abin da ya kamata a matsar. Waɗannan siraran falankan ƙarfe da kuke gani a kan manifol da ƙarƙashin bodi, masu kama da ba su da amfani, su ne garkuwar. Abin takaici, a garejinmu su ake fara jefarwa. In noti ɗaya ya kwance suka fara kaɗawa, sai a fizge a wurgar a ce suna damun mutane da ƙara. Kai kuma mai ƙera mota, ranar da ka ciro inji daga tsohuwar Golf ka dasa a shasinka, ka ɗauko zafinsa gaba ɗaya, lissafin kuwa ka bar shi a jikin gwangwanin da aka sare. Dole ka sake yin lissafin da kanka. A injuna da yawa da ake kwantarwa a gicciye, irin na Golf ɗin, manifol yana bayan inji ne, yana fuskantar bangon da ya raba inji da ƙafafun direba, wato daidai bangon da masta take zaune, bututun birki suke ratsawa.

Akwai kuma wani tarko a cikin bidiyon Turawan Ingila da kuke kwaikwayo. Su sitiyarinsu a dama yake, don haka masta a dama take. Mu tun watan Afrilu na 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyarinmu a hagu, mastarmu a hagu. Injin da salansarsa ke fita ta hagu, ga Bature alheri ne, domin ta yi nesa da birkinsa. Kai in ka kwafi tsarinsa yadda yake ka juya sitiyari kawai, ka kawo wutar ƙarƙashin mastarka da ƙafarka. Tun kafin ka biya kuɗin inji, ka tsaya ta bayansa ka duba ta wane ɓangare yake fitar da hayaƙi.

Zafi yana isa ga birki ta hanya uku, kuma kowace da maganinta. Akwai wanda ke bin jikin ƙarfe, in abu biyu suna haɗe ko suna rataye a kan maƙali ɗaya. Akwai wanda iska ke ɗaukowa, kuma iska mai zafi sama take yi, shi ya sa abin da ke saman salansa ya fi na gefenta shan wahala. Na ukun shi ne huci, wanda ke tsallaka fili ba tare da ya taɓa komai ba, kuma shi ne babba a kusa da manifol. Kowa ya san shi a gindin murhu: ba ka taɓa wuta ba, amma fuskarka tana ƙuna, da ka tare da faifai sai ka ji sauƙi nan take. Shi huci ba ya ƙaruwa daidai da ma'auni, tsalle yake yi. Ƙarfen da ya tashi daga digiri 300 zuwa 600, a ma'auni ninki biyu ya yi, amma hucin da yake fesowa ya ninka fiye da sau biyar. Wannan shi ne dalilin da motar da ke lafiya a zagayen unguwa take rasa birki ranar da aka ba ta wuta sosai.

Magani na farko, wanda ya fi kowane araha kuma ya fi kowane inganci, shi ne nisa. Ba a sayensa a kasuwa, amma sai an yi tanadinsa tun shasi yana kan alli a ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama komai, a ja bututun birki, a ɗaura tanki, sannan a ƙarshe a kira mai walda a ce ya nemo wa salansa hanya. Shi kuma duk inda ya ga rami nan zai cusa ta. Ku juya tsarin. Ku fara zaunar da inji, ku fitar wa salansa hanyarta, sannan ku ce wa birki ya bi ɗaya ɓangaren. Shawarata ita ce kada wani abu na birki ya kusanci manifol ko farkon bututun hayaƙi da ƙasa da ɗani guda, wato wajen santimita 15 zuwa 20, in kuwa an samu fiye da haka madalla. In dole bututun birki ya tsallaka salansa, ya tsallaka a gicciye, a taƙaice, can baya inda ta fara hucewa, kada ya jera da ita suna tafiya tare. Ya bi bayan ƙarfen shasi, ƙarfen ya zama katanga tsakaninsu. Kuma ku tuna inji ba a tsaye cak yake ba: yana kan roba, yana jijjiga, yana karkata in an taka totur, salansa kuma tana ƙara tsawo in ta yi zafi. Ratar da ka auna mota tana kashe ba ita ce ratar da za ta kasance a kan hanya ba.

Inda wuri ya ƙi, sai garkuwa. A nan nake so in daɗe, domin na lura akwai rashin fahimta. Mutane suna ɗauka kaurin ƙarfe ne yake tare zafi, sai su ɗauko ƙaton falanki su manna a jikin masta. Ba haka ba ne. Abin da ke aiki shi ne ƙyalli da kuma iskar da ke tsakani. Siririn falankin alminiyam ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai sheƙi, yana mayar da yawancin hucin inda ya fito. Amma shi ma yana ɗaukar zafi, don haka dole a bar masa rata ta ɓangare biyu, wajen santimita 1 zuwa 2 ko fiye, tsakaninsa da salansa, da kuma tsakaninsa da abin da yake karewa, yadda iska za ta ratsa ta kwashe. Garkuwar da ta manne da bututun birki ta zama gada, zafin ta kanta zai bi ya shiga. Falle biyu sirara da rata a tsakaninsu sun fi falle ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Kada a yi mata baƙin fenti don ta dace da launin mota, baƙi shan huci yake yi. Kada a bar mai da ƙura su lulluɓe ta, musamman a ƙurar hunturu, domin da ƙyallin ya tafi rabin aikin ya tafi. A ɗaure ta da noti a jikin shasi, a lanƙwasa bakinta don ta yi tauri kada jijjiga ta tsaga ta. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, saboda haka ba a jingina shi da manifol, wanda zai zauna kusa sosai gara ya zama na ƙarfe. Kwanon rufi kuwa ku bar shi a kan ɗaki: sinadarin da aka shafa masa in ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu, masu walda sun san zazzaɓinsa. In kun shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ku nemi ainihin garkuwar da aka cire daga motocin da aka sare. An yi ta don wannan aikin, tana lanƙwasuwa da hannu, kuma ba ta da tsada domin ba mai nemanta.

Za ku ga ana naɗe salansa da wani farin ƙyalle mai kama da bandeji. Yana rage hucin da ke fita, wannan gaskiya ne, amma ba na son ku dogara da shi shi kaɗai. Yana riƙe ruwa ya ruɓar da bututu da tsatsa, yana tsare zafi a ciki har walda ta tsage, in kuma mai ya jiƙa shi ya zama lagwani. In za a sa shi, a sa shi ƙari a kan nisa da garkuwa. Igiyar asbesto da tsofaffin kanikawa suka saba da ita kuwa, ku nisance ta gaba ɗaya. Ƙurarta tana shiga huhu ta zauna, bayan shekaru ta haifar da cutar daji.

Shi kansa bututun birkin, a yi amfani da na birki. Na san jarabar da ke cikin bututun jan ƙarfe na firji da na'urar sanyaya ɗaki: yana ko'ina, yana da taushi, yana lanƙwasuwa yadda ake so. Amma zallan jan ƙarfe yana taurara da jijjiga har ya tsage ba gargaɗi, matsin da ke cikin birki kuwa in an taka da ƙarfi yana ninka iskar taya sau talatin ko fiye. A nemi na ƙarfe, ko wanda aka gauraya jan ƙarfe da nikel don wannan aiki. A maƙale shi a jikin shasi da maƙalin ƙarfe mai roba a ciki, duk bayan santimita 30 ko kusa da haka. Ɗaurin roba irin na wayar lantarki narkewa yake, bututu ya saki ya kwanta a kan salansa. Kada kuma a bar mahaɗar bututu, ko tankin mai, a saman manifol. Mutane da yawa ba su san cewa man birki in ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi ya fi fetur saurin kamawa da wuta ba.

Roba ta fi ƙarfe rauni, kuma birki cike yake da roba: tiyon da ke zuwa kowace ƙafa, zoben da ke cikin masta, tiyon iskar busta, tankin mai na leda. Zafi ba sai ya narkar da su yake kashe su ba, gasa su yake a hankali har su bushe su tsattsage. Ka juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka sa a danna motar ƙasa a ɗaga ta sama, ka ga ko akwai inda tiyo yake leƙa salansa. Wanda ya sa injinsa a baya, kamar yadda masu motar tsere da yawa suke so, matsalarsa ta koma ƙafafun baya da wayar birkin hannu. Wayar nan tana da leda a cikinta, in ta narke sai ta ƙame, ko ta ƙi kamawa ko ta ƙi saki.

Wani ƙaramin abu da ke haddasa babba: ku bar wa fedal ɗan wasa kafin ya fara tura masta. Mai in ya yi zafi kumbura yake, kuma akwai 'yar ƙofa a cikin masta da yake bi ya koma tanki. In an ɗaure sanda tam har fistin ya toshe ƙofar, man ba shi da wurin zuwa sai ƙafafu. Birki ya fara kamawa da kansa, kamun ya ƙara zafi, zafin ya ƙara kamun, har hayaƙi ya tashi daga taya. Haka kuma injin da saitinsa bai yi daidai ba, wutarsa ta makara ko fetur ya yi masa kaɗan, ko indomin salansarsa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ya toshe, yana sa manifol ya yi ja fiye da ƙima. Gyaran saitin inji ma kariyar birki ne.

Game da mai, ku sayi wanda hatiminsa bai ɓalle ba, daga wurin wanda kuka amince da shi, domin jabu ya yi yawa. Ku sayi ƙaramar roba ku ƙarar, ragowar da ta kwana a buɗe a kan benci ta riga ta sha iska. DOT 4 ya fi dacewa da irin motarku. DOT 5 kuwa, wato ba DOT 5.1 ba, wani iri ne daban, ba a gauraya shi da sauran. Man inji ko man giya in ya shiga, kumbura robobin yake ya lalata su. Kamfanoni da yawa suna cewa a juye man gaba ɗaya a zuba sabo duk shekara biyu. Ita kuwa al'adar nan ta zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya, ina roƙonku da girman Allah kada ta shigo cikin sana'arku. Ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Sai gwaji, kuma a yi shi da zafi. Kada ku zaɓi sanyin asuba na watan Disamba. Ku nemi tsakar ranar bazara, a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu yake neman digiri 40 tun kafin a tayar da inji. Ku sami fili wanda ba mutane ba dabbobi, ba kuma busasshiyar ciyawa, domin salansar gajeriyar mota tana iya tayar da gobara. A zagaya a ƙaramar giya har inji ya gasu, ana taka birki ana saki. Sannan a tsaya a kashe, a jira minti biyar zuwa goma. Wannan lokacin shi ne mafi hatsari, kuma shi aka fi mantawa: fanka ta tsaya, iska ta daina shiga, duk zafin da manifol ya tara yana tashi ya taru a ƙarƙashin bonet. Sai a taka fedal a ji. In ya yi laushi ko ya ƙara nisa, aiki bai ƙare ba. A ɗiga ruwa a kan bututun birki inda ya fi kusa da salansa, in ya yi cuu, wurin ya haye 100, a koma a gyara. Wanda ya sami ma'aunin zafi mai kama da bindiga ya fi, amma na kanikawa, ba irin na auna goshi da aka yi yayi lokacin korona ba, wannan ba ya wuce zafin jikin mutum. Ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya a gareji. In zafi yana taruwa, a huda wa bonet tagogi a sama ko a gefe ta baya, iska ta sami mafita, domin ba shigarta kaɗai ake bukata ba. Kuma a ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Ku yi tunanin hanyar da motar za ta bi. Mutumin Beri ya san titin Kontagora zuwa Tegina: tireloli da tankoki, ramuka, shanu masu tsallakawa, 'yan acaɓa, yara masu talla a bakin kasuwa. Tafiyar hawainiya a bayan tirela, a giya ta ɗaya ko ta biyu, ita ce ke dafa ƙarƙashin bonet, domin inji yana aiki iska kuwa ba ta shiga. Sai hanya ta buɗe, matashi ya ba ta wuta, can gaba saniya ta fito. A wannan daƙiƙar ce ake bukatar birki, kuma a wannan daƙiƙar ce man da ya dahu yake ba da kunya. Saboda haka ku sa masta mai layi biyu, wadda ta raba ƙafafu gida biyu, in layi ɗaya ya tafi ɗaya ya rage. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun ƙarshen shekarun 1960, kuma kusan duk motar da za ku sara a yau tana da ita. Kada ku haɗe layukan wuri guda don sauƙin aiki. In kuma, Allah Ya kiyaye, fedal ya taɓa tafiya ƙasa kuna kan hanya, a yi ta famfa shi da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali ba da fizga ba. In an tsaya, kada a yarda da shi don ya dawo.

Ba abin kunya ba ne ka nuna aikinka ga wanda ya fi ka sani. A Ingila ba a ba motar da aka haɗa a gida lamba sai ta wuce wani bincike na musamman, birki yana cikin abin da ake tsananta dubawa. Mu ma muna da jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Muna da sashen injiniyan kanikanci a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bida, a cikin jiharmu. Kafin su ma, akwai ubangidanka na gareji wanda ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai. Ka kira shi ka ce, Baba, zo ka duba mini hanyar bututun nan. In ya ce a kwance a sake, a kwance a sake, ko da fenti zai ɓaci.

Ranar da za ku fito da motar, ba ku kaɗai za ku shiga ba. Ƙaninka zai roƙe ka ɗani, abokinka zai zauna a gefe, yaran unguwa za su bi ku da gudu suna ihu. Rayukan nan amana ce a wuyan wanda ya ja bututun birki. Don haka, ƙannena, kafin ku sayi fenti, ku ɗauki tef ku shiga ƙarƙashin motar, ku bi salansa tun daga manifol har wutsiya, ku auna ratarta da duk abin da ya shafi birki. Inda bai kai ɗani ba, a matsar ko a sa garkuwa, sannan a gwada da rana tsaka. Allah Ya yi wa hannuwanku albarka, Ya tsare ku da waɗanda za ku ɗauka.